Ranar Da Taubashina Ya Mai Da Ni Injin Kwalekwale

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, kuma duk wanda ya san ni ya san hulɗata da ruwa ba ta wuce sha da alwala da wanka ba. Wanda ya kai ni tsakiyar dam ɗin Shagari da filafili a hannu taubashina ne, ɗan gwaggona, kafinta a garin na Shagari. Tun muna yara muke gardama a kan wane ne ubangidan wani. Ni ina cewa ɗan namiji ne ni, don haka shi bawana ne. Shi yana cewa ya riga ni zuwa duniya, kuma ya taɓa goya ni. Ga furfura ta fara fito mana a gemu, ba wanda ya sakar wa wani.

Bayan kaka ne, an gama shigar da gero, ya zo shagona da wani buhu a bayan babur. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya zazzage mini shi a kan teburin yanka, bisa shaddar mutane. Wasu katakai ne guda biyu, kowanne bai kai allon karatu ba, ya shafa musu jan fenti. Ya ce a waya ya ga wasu mutanen ƙasar waje suna kamun kifi da irinsu, ya yi ta maimaita kallo har ya gane yadda abin yake.

Ya yi mini bayani, ni kuwa ina dariya. Gaban kowane katako ya fere shi a karkace, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. A gefen ƙasa ya buga dalmar da ya narka daga tsohon batir, don katakon ya tsaya a kan gefensa cikin ruwa, kada ya kwanta. A jiki ya ɗaura abin matse shanya na matarsa, wanda zai riƙe zaren fatsa. Idan jirgi yana tafiya, in ji shi, ruwa zai bugi wannan karkataccen gaba ya tura katakon can gefe, nesa da inuwar jirgi da motsin filafili masu korar kifi. Sauran zaren kuma yana biye a baya, da dalmarsa da ƙugiyarsa, yana tafiya a ƙarƙashin ruwa. Na tambaye shi abin da ke tuƙa jirgin mutanen da ya gani. Ya ce inji. Na ce to ina naka injin? Sai ya dubi damatsana, ya dubi tumbina, ya ce Allah ya riga ya hore masa.

Da na san abin da ke jirana da ban je ba. Amma na ƙudura in ga yadda zai ji kunya da idona, don in samu abin ba da labari a gidan suna.

Muka isa bakin dam da hantsi. Ya ari kwalekwale wurin wani dattijon masunci da ya taɓa yi wa ƙofa. Masunta suna zaune suna gyaran koma, da suka ga jajayen katakai sai aiki ya tsaya. Dattijon ya juya ɗaya a hannu, ya tambaya cikin ladabi ko kifin za a koya wa karatu. Taubashina ya karɓe katakonsa. Ya kafa sandunan gora biyu a gefen jirgi, ya ɗaura zare, ya soka ƙananan kifi a ƙugiyoyi, ya zaunar da ni a baya.

Farkon tuƙina abin tausayi ne. Jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, hancinsa yana komawa wajen masu dariya. Sai da dattijon ya ɗaga murya ya ce in riƙa sauya hannu, sannan muka miƙe. Taubashina ya saki zare a hankali, ya sa katakan a ruwa. Abin haushi, sai abin ya yi. Na dama ya yanki ruwa ya nufi dama, na hagu ya nufi hagu, suna biye da mu sun buɗe kamar 'yan rakiya. Dariyar bakin ruwa ta ragu. Shi kuwa ya gyara hula, ya harɗe ƙafa, ya fara ba da umurni.

"Tuƙa mana, bawa. Abincin da kaka ci wurin biki yau za ka biya shi."

A nan na lura da wani abu. Duk lokacin da na ɗan sassauta don in share gumi, katakan sai su yi sanyi su fara dawowa bayan jirgi, zaren ya saki, dalma ta ja ƙugiya ƙasa. Ƙasan dam ɗin kuwa cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci. Idan ƙugiya ta kama ɗaya, an rabu ke nan. Na ga yadda yake zabura duk sa'ad da zaren ya saki. Sai na ɗaga filafili na aza a cinya.

"Mi kaka yi haka?" in ji shi.

Na ce inji ya mutu, kuma ba ya tashi sai an faɗa masa wane ne ubangida a cikin jirgin nan. Ya zage ni, ya zagi keken ɗinkina. Ya yi barazanar zai gaya wa gwaggo. Ni dai ina kallon sama, ina nuna masa wasu belbelu da ke wucewa. Katakon hagu ya karkace, zaren ya fara nitsewa. Ya duba, ya dubo ni, ya ce:

"Kai na ubangidana. Tuƙa."

Na ce ban ji ba, iska ta yi yawa, kuma ya kamata dattijon da ke bakin ruwa ya zama shaida. Haka ya miƙe a gwiwa ya faɗa da ƙarfi, har wasu mata masu wanki a can gefe suka ɗago kai. Na tsoma filafili. Daga nan duk ɗan zagaye sai injin ya mutu, kuma kowane tashi da irin kirarin da yake so. Ya kira ni sarkin teloli, ya kira ni mai almakashin zinariya, ya yarda cewa goyon da yake taƙama da shi kayar da ni ya yi.

Muna cikin haka, rana ta fara zafi, sai katakon dama ya yi baya da ƙarfi, ya nutse, ya ɓullo. Sandar gora ta lanƙwashe. Taubashina ya manta a jirgi yake, ya miƙe tsaye ya cafki zare. Kwalekwalen ya karkata, na karkata ɗaya gefen don in tare, nauyina ya fi nasa, sai na ga tafin ƙafafunsa a sama. Allah ya taimaka mun matso gaci, ruwan iyakarsa ƙirji. Ya ɓullo ba hula, yana tari, amma zaren yana naɗe a hannunsa. Bai nemi in cece shi ba, cewa ya yi in kama ɗaya zaren kada ya sarƙe. A tsaye cikin ruwa ya yi ta ja yana saki, har ya cire katakon ya jefo mini, ya jawo wata tarwaɗa mai tsawon hannu, baƙa, mai gashin baki, ya rungume ta kamar jariri yana taka laka zuwa tudu. Ɗaya ƙugiyar ta riga ta kama kututture, sai yanke zaren muka yi.

Masunta suka kewaye shi. Ba wanda ya yaba, amma na ga biyu daga cikinsu suna auna kaurin katakon da yatsa. Matarsa ta yi mana farfesu da rana, ta kuma tambayi inda abin shanyarta ya shiga, kowa ya sunkuyar da kai cikin kwano. Ni kuwa washegari ko almakashi ban iya buɗewa ba. Na yini ina ba masu kaya haƙuri, ina cewa sanyi ne ya kama mini kafaɗu.

Da rani ya shigo, ya aiko mini cewa ya sallame ni daga aiki, ya sami inji na gaske. Ashe injin ban-ruwa ya aro wurin wani mai lambun albasa a Lambara, ya ɗaure shi a cikin kwalekwale, bakin tiyo yana fesa ruwa ta baya. Na hau babur na je, na sayi rake, na zauna cikin masunta a inuwa. Ya ja igiya, injin ya kama, jirgin ya zabura. Sai dai tiyon ya goce gefe guda, shi kuma hannunsa bai kai makashin injin ba, don yana riƙe da sanduna. Haka jirgin ya yi ta kewaya wuri ɗaya, katakan suna bin sa, zaren yana naɗe shi. Duk zagayen da ya kawo shi saitinmu sai in ɗaga rake in ce masa sannu da aiki, shi kuma ya amsa da lahiya lau, har man injin ya ƙare.