Sallau Mai Leƙa Cikin Gitar

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Sallau ya riga ya share gaban rumfarsa da ke bayan kasuwar Dakoro. Zai hura gawayi, ya ɗora gwangwanin danƙo gefe guda, butar shayi gefe guda, ya zauna yana faɗa da akuyar maƙwabta da ba ta da aiki sai cin ɓawon katakonsa. Kafinta ne, ƙofa da kujera ke ciyar da shi. Amma duk wani abu mai tsirkiya da ya samu rauni daga Mai Yara har Ɗan Gulbi, gurmi ne ko garaya ko gitar, hannunsa yake zuwa. Bana hannun ya soma rawa, ido ya yi rauni, ya ce zai ajiye aiki. Ni kuwa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne duba tsohuwar gitar kafin a saya. Makaɗan biki da malaman lakwal, wato makarantar boko, duk sun san hanya. Ba ya ko taɓa tsirkiya da farko. Sai ya ƙwanƙwasa cikin da bayan yatsa, ya kai hanci ya sansana, sannan ya zura ɗan guntun madubi da ya ɗaure a kan waya ya leƙa ciki. In ka matsa masa ya yi sauri, sai ya miƙa maka shayi ya ce ka sha, kayanka ba gudu za su yi ba.

Kowa na da labarinsa, amma na Agali shi ne ba ya fita raina.

Agali makiyayi ne daga wajen Roumbou, yana kaɗa wata tsohuwar gitar da ta sha ɗinkin waya a bukukuwa. Wata rana wani ɗan kasuwa, Alhaji Hamani, ya zo da gitar daga Kwatano, irin mai kumburarren ciki da tsaga biyu masu lanƙwasa a fuska. Aka ce tsohuwar ƙirar Turai ce, an sassaƙa fuskarta daga katako guda. Agali ya gani, hankalinsa ya tashi. Ba shi da abin bayarwa sai raƙumarsa ɗaya tal, wadda tsohuwarsa da 'ya'yansa ke shan nononta. Suka shirya musaya. Ranar kasuwa Agali ya jawo raƙumar har bakin rumfar Sallau ya ɗaure, ya ce a duba masa kafin ya miƙa akala.

To ga inda abin yake. Alhaji Hamani yayan Hawwa'u ne, matar Sallau. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya aurar da ita. Sallau ba ya faɗin sunansa, ba ya cin abinci gabansa, in sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Yau kuma ga shi zaune kan benci, mutane sun taru, ana jiran surukinsa ya yaba kaya.

Sallau ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya sansana, sai warin sabon fenti. Ya juya wuyan, inda babban yatsa ke cinye tsohuwar gitar: sumul, ko alamar gumi babu. Kujewar da ke jikinta kuwa tana wuraren da hannun makaɗi ba ya kaiwa, da gangan aka kankare. Da ya zura madubi ta tsagar, sai ga katakon falle-falle, manne-manne irin na ƙofar banɗaki, an shafa wa bakin baƙin fenti don kada a gani.

Waɗanda ke wurin sun ce sai ya juyo wajen Alhaji. Ya durƙusa, kansa ƙasa, ya miƙa masa madubin da hannu biyu.

"Baba, idona ba shi da kyau yau. Ku leƙa mani nan, ku ga abin da ke ciki."

Hanya ya ba shi, don maganar ta fito daga bakinsa ba tare da kunya ba. Alhaji ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Shi ma ashe cutarsa aka yi a Kwatano, kuma asarar ta yi masa nauyi. Ya ɗago ya ce, "Ni ban ga komi ba. Kai dai faɗa mashi kaya na da kyau, rana na yi."

Agali ya riga ya soma kwance akala.

Kai, Sallau! Da ka ce "to" kawai, wa zai kama ka? Agali bai san falle-falle ba, sai bayan zafin bazara ya buɗe gitar zai gane, lokacin raƙuma ta yi nisa. Amma ba ka ɗago kai ba, ka ce, "Baba, ku gafarce ni. Agali, mayar da ɗaurinka. Wagga ba tsohuwa ba ce, ba ta kai raƙuma ba."

Alhaji ya karɓi kayansa ya tafi ko sallama babu. Hawwa'u ta yi kuka har ta gode Allah, ta ce, "Malam, da ka ce ba ka sani ba mana!" Ya ce, "To ai na sani, Hawwa'u." Damina ta zo ta wuce, Sallau na zuwa gaisuwa ana ce masa Alhaji na barci. Bai fasa zuwa ba, bai kuma taɓa ba da labarin da bakinsa ba. Ni ma a bakin Agali na ji, yana faɗa yana share ido da rawani, don shekarar da ta biyo baya, ruwa ya yi gardama, nonon raƙumar nan ne ya fitar da gidansa.

Sallau, kai ne ka ji kunyar suruki har ƙasa, amma ba ka biya ta da abincin 'ya'yan wani ba. Mun gode, Malam Sallau. Allah Ya ba hannun nan sauƙi, Ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Ku kuma da ake kawo wa kaya ku duba, mota ce ko sa ko gona, ku faɗi abin da kuka gani ko da mai kayan naku ne.

Alhaji Hamani ya huce tuni, ko da yake har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai kwanan baya wani saurayi ya nuna masa gitar da zai saya, yana neman shawara. Alhaji ko kallonta bai yi ba.

"Kai wa mijin Hawwa'u," in ji shi. "Mutumin da bai rufa mani ba, ba zai rufa ma kowa ba."