Ranar da Haɗeja Ta Zo Gaida Barewa

Saura kaɗan in haɗiye labarin nan, ku samarin aikin daji, don kun fi son na Bama da na Ikko, inda ake dariya. Amma ranar nan ta ƙi barina, gara ku taya ni ɗauka.

Bayan mun dawo daga yaƙin Bama aka ɗauke ni gadin daji. Baturen daji ne a sama, sai malamin daji, sai mu masu gadi, sai leburori. Baturen namu ya lura namun fadama suna ƙarewa, sai ya sa aka kewaye wani fili da waya a bayan gari, wajen bariki. Muka zuba gauraka biyu, da dinya, da kunkuru, da wani biri mai kama da malamin dajinmu in an tashe shi daga barci. Sai barewa guda, Kyauta. A wajen Miga na tsince ta, an harbe uwar. Da tsumma na shayar da ita nonon akuya.

Ƙa'idar ciyarwa ba wuya: harawa, 'ya'yan gawo, dusa tafi ɗaya da safe. Hatsi kuwa ba a ba ta, don barewa in ta cika ciki da tsaba, kumbura take yi. Bature ya ce mini, "Audu, saboda ita manya suka yarda da wurin nan. In ta mutu, an rufe."

Aka buɗe wa jama'a ran wata Juma'a, bayan an sauko. Damina ce, gero bai nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa. Ni na zaci 'yan kallo za su zo. Ashe 'yan gaisuwa ne. Kowa da ƙullinsa: mai gero, mai wake, mai gumba. Bature ya tsayar da ni a ƙofa, wai kada a tattake masa furanni.

Na hango wata tsohuwa, Ya Fanna, matar wani masunci, tana zura ƙoƙo ta ƙasan waya. Na ruga.

"Iya, don Allah kada ki ba ta. Zai cuce ta."

"Gero ne zai cuce ta? Kai da me aka raine ka, ƙaton banza?"

"Doka ce, Iya."

"Ɗan nan, yawon duniya ya cinye maka tarbiyya. A garinku ana zuwa wajen baƙo hannu rabbana? Tun ina yarinya nake ganin iyayenta suna shan ruwa a bayan gonarmu. Yau shekara nawa ban ga ko ɗaya ba."

Na karɓi ƙoƙon da hannu biyu, na ce zan ajiye mata. Ina juyawa, wani dattijo yana zuba nasa a can, wata a can. Waya doguwa, ni ɗaya. Kuma ya za ka buge hannun sa'an ubanka da ya rage abincin gidansa ya kawo? Na roƙa, na rantse. Su dariya, ita kuwa Kyauta tana bin su tana ci, tana kaɗa wutsiya.

Washegari da hantsi cikinta ya zama ganga. Na ɗura mata kanwa da man gyaɗa yadda makiyaya suke yi. Na ɗora kanta a cinyata. Kafin azahar ta daina numfashi.

Bature bai yi faɗa ba. Ya cire hula, ya ce, "Mutanenku ba sa son dabba." Na buɗe baki in ce so ne ya kashe ta, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ranka ya daɗe."

Cikin makon aka sa sauran dabbobin a akwatuna, na raka su tashar jirgi a Malam Madori. Birin ma bai yi tsiya ba a hanya. Aikin nan, samari, an koya mana tsare daji daga mai baka da mai tarko. Mai zuwa da alheri ba wanda ya koya mana yadda ake tare shi.

Juma'ar da ta kewayo ina naɗe waya, sai ga Ya Fanna da ƙwarya, ta fi ƙoƙon farko girma. Ta dubi filin, ta dube ni. Na ce mata Kyauta ta rasu. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta yi salati.

Sannan ta ce, "Audu, gaya mini tsakani da Allah. Ko abincin da muka kawo ne bai ishe ta ba?"