Rigar Ruwan Kawu, Daga Mayahi Zuwa Tasawa

Kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi inda na samo abin da zan rubuta. Abin da ya faru a hanya da cikin kanti na gani da idona, kuma na rubuta shi jim kaɗan bayan dawowarmu, tun bai dushe mini ba. Abin da ya faru kafin tafiyar kuwa daga bakin mutum biyu na ji shi, kawuna da matarsa da muke kira Inna, kuma ba ko'ina maganarsu ta zo ɗaya ba. Kawu ya ce damina huɗu ke nan da sayen rigar da ta sa muka yi wannan tafiya, Inna ta ce biyar. Abin da suka haɗu a kai shi ne an saye ta kafin a sauke tutar Faransa. Ban rubuta nisan hanya ba, domin agogon kilomita na motar da muka shiga ya daɗe da mutuwa, kuma ba na son in kawo lissafin da ba zan iya tsaya masa ba.

Kawu yana aiki ƙarƙashin ma'aikatar noma a ƙasar Mayahi, ko da yake bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Aikinsa shi ne ya hau doki da damina ya zaga ƙauyuka, ya duba ko irin gujiyar da aka raba, wato gyaɗa a bakin mutanen kudu, an shuka shi ko an soye an cinye, sannan ya dawo ya ba da labari da baki. Aiki ne na cikin ruwa. Saboda haka ya sayi riga a wani babban kanti na Nasara a Tasawa, doguwa har gwiwa, ta yadi mai kauri irin na tanti, mai maɓallan tagulla, wadda ruwa ke zamewa a kanta kamar a bayan sabuwar ƙwarya. Nasaran da ya sayar masa ya ba shi hannu ya ce duk ranar da ruwa ya ratsa ta a maido. Ruwan farko na bana ya ratsa ta. Kawu ya kwanta da ciwon ƙirji, likita ya ce wani jiƙon irin wannan zai raba shi da hawa doki. A buro kuwa, wato ofishinsu, an fara cewa akwai samarin da suka gama karatu suna jiran gurbi. Ina cikin samarin nan, kuma ba na son ya ɗauka gurbinsa nake jira, abin da ya sa da ya ce in raka shi don ina jin Faransanci, ban tsaya neman uzuri ba.

Ana sallame sallar asuba muka bar Mayahi, a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya da ke maida buhunan wofi Tasawa. Kawu ya naɗe rigar cikin zane ya rungume ta a cinya, ya ƙi a ɗora ta cikin kaya. An yi ruwa kwanakin baya, rairayin ya ɗan daddale, direban ya ce sa'a muka taka. Sa'ar ta ƙare a gangaren Gulbin Kaba, inda ƙafafun baya suka nutse har gatari. Kowa ya sauka. Aka saro kaba aka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi, muka tura, motar ta yi gurnani ta watsa mana yashi a fuska, ta fita. Wani tsoho da bai tura ba shi ya fi kowa haki, shi ne kuma ya fara komawa mazauninsa.

Daga nan hanya ta ratsa gonaki. Gero ya kai idon sawu, amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne yadda gujiya ta cinye wuraren da a da ake bari su huta. Itatuwan gawo sun zubar da ganye kamar yadda suka saba da damina, suna tsaye tsirara cikin kore. Kawu bai iya kallon gona ya yi shiru. Ya nuna mini wadda aka shuka da sauri bayan ruwa, da wadda mai ita ya rage irin ya yi tazara don ya ɓoye ragin, yana faɗar sunan mai kowace gona har muka fita daga yankin da yake zagawa. Sai ya yi tari, ya ƙara riƙe ƙunshinsa.

Mun tsaya a wani ƙauye da na ji an kira da suna biyu, don haka ba zan ambaci ko ɗaya ba. Mata suka kewaye motar da fura da nono, da ƙuli-ƙuli, da kwaɗon tafasa. Nonon ya yi araha saboda shanu sun samu ciyawa, furar kuwa ƙwallonta ya ƙanƙance, domin rumbuna sun yi ƙasa. Na tambayi wata dattijuwa dalili, ta dube ni ta ce in jira kaka in dawo, za ta dama mini wadda zan kasa shanyewa.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Tasawa. Tafkunan garin sun fara cika, raƙuma na durƙushe a filin da ake tara gujiya da kaka, filin kuwa fayau, sai ƙwanƙwasar kafinta da ke gyara rumfar awo. Kantin na nan a gefen filin, mai rufin kwano da baranda mai faɗi. A ciki akwai atamfa, fitilu, gishiri, tukwanen ƙarfe, amma kantocin sama rabinsu wofi ne. Nasaran ba ya nan. A mazauninsa wani akawu ne siriri, Bazabarme daga yamma, wanda ya ɗaga kai ya ga zanen Gobir a kumatun kawu, ya ajiye alƙalami yana murmushi, domin tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa.

Kawu ya ce, "Kai, bawana, ina Nasaran da na baro nan?"

Akawun ya ce, "Ya tahi gida, Baba. Ni ya bar muku."

"Bazabarme bisa kujerar mai kanti! To, lalle an samu mulkin kai."

"Kai ma ga ka da ƙunshi kamar mai zuwa biki. Mi ka sato mana?"

Kawu ya kwance zanen ya shimfiɗa rigar a kan teburi, ya faɗi alkawarin da aka yi masa da abin da ya same shi. Akawun ya daina dariya. Ya juya rigar, ya ja ɗinkin hammata, ya ƙirga maɓallan da yatsa, duk suna nan. Ya nuna mini kafaɗa da ƙaya ta kakkarta ba ta huda ba, da gefen da gumin doki ya rina. Ni ma na duba da kyau, kuma ina iya shaida cewa bayan duk damunan nan ban ga yagewa ko ɗaya ba, sai gwiwar hannu da ta yi laushi. Sannan ya shafa bayanta da tafin hannu, ya shinshina, ya tambayi kawu ko wani abu ya taɓa ta.

Kawu ya gyara tsayuwa. Ya ce ba a taɓa wulaƙanta rigar nan ba. Da ɗarin da ya wuce, da aka ce ma'aikata su jeru a filin bikin ƙasa, Inna ta ga rigar ta yi maiƙo da wari, ta ce mijinta ba zai tsaya gaban mutane da ita haka ba. Ta tafasa ruwa, ta sa sabulun salo, ta cuɗa ta har dattin ya fita tas. Daga nan aka kai ta wurin mabuga, suka ɗora ta bisa gungume suka buge ta kamar babbar riga, har ta yi ƙyalli. Ya ce ranar nan ko kumandan mai mulkin yankin sai da ya waiwayo.

Akawun ya dafe kai da hannu biyu. "Wayyo, Baba. Dattin nan da kuka wanke, shi ne rigar."

Ya bayyana mana cewa wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma ake shafa wa yadin tun daga inda aka yi shi, shi ke hana ruwa shiga, kuma ba a wanke irin wannan riga da sabulu har abada, sai dai a goge da ruwan sanyi. Na fassara wa kaina maganar sau biyu kafin in yarda da ita, domin a gidajenmu tufar da aka ƙi wankewa tufa ce da aka raina. Kawu ya sake duban rigar. Na ga hannunsa ya koma kan ƙirjinsa. Can ya ce, "To, wa ya gaya mini? Hannu ya ba ni, bai ba ni wannan magana ba."

A nan ne na zaci za a sallame mu. Wanda ya yi alkawari ya tafi, laifin kuma a fili yake daga gidanmu ya fito. Akawun ya ɗan jima yana kallon rigar, sannan ya ce gaskiya ne, mai sayarwa ya kamata ya faɗa da baki, kuma hannun da aka bayar a cikin kantin nan aka bayar da shi. Musanya dai babu, domin tun tafiyar Nasaran ba a sake kawo irin rigar ba. Ya shiga ɗakin ajiya, muka ji yana ture akwatuna, ya fito da ƙura a gashi da wani ɗan gwangwani a hannu. Ya ce maiƙon ne a ciki, tare da rigunan aka kawo gwangwanayen, amma ma'aikatan kantin sun ɗauka man takalmi ne, sun ƙarar da sauran a kan sirdi da ƙyauren ƙofa. Wannan magana tasa ce, ban samu wanda zai tabbatar mini ba. Rubutun jikin gwangwanin dai na karanta, kuma ya yi daidai da abin da ya faɗa.

Ya bar kantin a hannun mai gadi, ya shimfiɗa rigar bisa wani fallen kwanon rufi a rana tsaka har ta yi zafi, ya naɗe hannun farar rigarsa ya shiga shafawa da tsumma, ɗinki bayan ɗinki. Kawu na zaune a inuwa yana ba da umarni.

"Ka bar wuyan, malalaci."

"Ban kai can ba, Baba. Ku Gobirawa ko gaisuwa da faɗa kuke yi."

Wasu manoma daga Kona da Hawandawaki da suka zo sayen gishiri suka tsaya kallo, ɗaya ya tambaya ko magani ake yi wa rigar. Da aka gama, akawun ya ce a gwada. Kawu ya sa rigar cikin zafin azahar, ya ɗaure maɓallan har wuya, akawun ya hau baranda ya juye masa bokitin ruwa daga sama, da alama kuma aikin bai yi masa wuya ba. Ruwan ya gangara ya zube. Da aka buɗe, ƙirji da baya a bushe suke, amma kafaɗar hagu ta jiƙe, wurin da dukan mabuga ya sassauta zaren. Akawun bai ɓoye ba. Ya ce wurin nan ba zai koma kamar da ba, ya ƙara shafa masa, ya miƙa wa kawu gwangwanin da ɗan abin da ya rage a gindinsa, ya ce a gaida Inna, a ce mata rigar ta gode amma ta yafe wanka.

Mun kwana gidan wani ɗan'uwa. Da safe na zaga kasuwa, na sayi kilishi, wanda ya fi na Mayahi yaji da tsada, na kuma lura cewa kayan kanti sun hau tun bara, in ji masu saye, ko da yake masu sayarwa sun musa. Kamiyon komawa ta ɗauko gishiri da kananzir. Bayan la'asar, muna kusa da gulbi, gabas ta yi baƙi. Fasinjoji suka rarrafa ƙarƙashin tampol, kawu kuwa ya ƙi. Ya sa rigarsa ya zauna bisa buhu a fili, ruwa na dukansa, ni ina leƙensa ta ɓular tampol ina sauraron ko zai yi tari. Da muka sauka a Mayahi na sa hannu cikin rigar da kaina. Ƙirjin a bushe yake. Kafaɗar ta yi sanyi kamar faɗin tafin hannu.

A gida Inna ta tarye mu tana tambayar me Nasara ya ce. Kawu ya ce Nasara ya tafi, amma bawansa ya yi aiki. Game da wankin kuwa cewa ya yi rigar irin wadda ba ta son ruwan zafi ce, bai ƙara ko kalma ba, ya nemi a kawo masa tuwo. Inna ta kalli rigar da ta dawo da maiƙonta da warinta, ta kalle ni, ta shiga ɗaki. Washegari kawu ya ɗaura sirdi ya fita zagaye.

Abin da na koya bai da yawa, amma ina da tabbacinsa. Rigar ta jure ƙaya da gumin doki da dukan gungume, abin da ya kusa kashe ta kulawa ce da aka yi mata bisa al'adarmu, saboda wanda ya sayar bai faɗi magana guda da ta kamata ba. Na kuma ga alkawari ya rayu bayan tafiyar mai shi, domin wanda ya gaji kujerar ya ɗauke shi nasa. Abin da ban sani ba shi ne gaba. Abin da ke gindin gwangwanin zai isa shafa ɗaya, akawun kuma ya ce bai san ko za a sake kawowa ba. Wani ya ce a gwada kakin zumar ƙasarmu, amma ban ga wanda ya gwada ba, ba zan kuma sa ƙirjin kawu ya zama wurin gwaji ba. Idan gwangwanin ya ƙare damina ba ta ƙare ba, da me zai hau doki?