Fadan da Ya Hau Rumbu Saboda Mu

Bara ruwan farko ya cuce mu. Ya sauko da ƙarfinsa, kowa ya kwashi irinsa ya zuba a ƙasa, sai sama ta ɗauke cak. Dawa ta tsiro, rana ta ƙone ta. Da damina ta dawo da gaske, a ƙauyenmu na gefen Doguwa babu mai ƙwayar iri a gida. Abin da ya kai Fada Ishaya Nomau, limamin cocin ƙauyenmu, kan rumbu ke nan, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

In faɗa tun yanzu, sunana Surajo, manomi ne, Musulmi. Ban taɓa shiga cocinsa ba, ba ni kuma da niyyar shiga. Boko a firamare na ajiye shi. Amma ina wurin, na gani.

Kullum muna fitowa daga sallar asuba za ka ji ya buga tsohon ƙarfen tayar da ya rataye a jikin darbejiya. Ya yi addu'a da mutanensa, ya tuɓe farar rigarsa, ya saɓi fartanya. In rana ta take, ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi gidaje duba marasa lafiya, ba ya tambayar inda mutum yake fuskanta in zai roƙi Allah.

Ɗan Maguzawa ne, daga wani gida kusa da Ba'awa. Ubansa ya so ya gaje shi a gona, shi kuwa ya tafi makarantar limaman Katolika. Da aka naɗa shi ya yi aiki a Bebeji, ya yi a Tudun Wada, har aka ɗaga shi aka ba shi sarautar da suke kira Monsinyo, da ɗamara da ofis a Kano. Bai daɗe ba ya roƙi a mai da shi ƙauye. Ya ce ƙafarsa ba ta saba da tayil ba.

Duk kaka mabiyansa kan kawo dammunan dawa coci don bikin godiya. Fada ba ya sayarwa. Zama yake ya tsince zangarnu masu kyau ya adana a rumbu. Inna, tsohuwa mai daddawa, kan tsokane shi in ta zo wucewa.

"Tuzuru mai rumbu, wa kake tara wa? Ba mata, ba ɗa."

"Inna, ke nake jira. In kin amince, gobe a ɗaura."

"Allah ya kiyashe ni da mijin da ya fi ni furfura."

To a al'adar mutanensa, rumbu na maigida ne. Ba mai leƙa shi sai shi, ko wanda manyan gida suka yarje wa. Da safen da muka je roƙon iri, ni da Zailani maƙwabcina da wasu, muka tsaya a bakin darni cike da kunya. Dattawan coci sun riga sun taru. Barau, katikis ɗinsu, wato mai taimaka wa Fada wajen koyarwa, shi ya yi magana.

"Fada, irin nan na 'yan ikilisiya ne. In aka raba da kowa, namu ba zai isa ba."

Ba zan zagi Barau ba, shi ma gonarsa a ƙone take.

Fada ya ce, "Barau, ruwan da ya sauka jiya, gonar wa ya tsallake?"

"Ni dai na faɗa. Duk saurayin da ya hau rumbun nan, ba da yawunmu ba."

Samari suka sunkuyar da kai. Na matso na ce, "Baba, ka yi mini izini in hau."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Surajo, in ka hau, kafin azahar labari ya kai Tudun Wada cewa Musulmi sun fasa rumbun coci. Wa zai kashe wannan wutar? Rumbuna ne. Ni ne maigida."

Mutum ya haura saba'in, gwiwa tana damunsa. Ya naɗe wando, ya taka tsani, ya ture jinka, ya shige. Yana miƙo dami muna karɓa. Can sai na ga hannun Barau kusa da nawa, shi ma yana karɓa. Da Fada ya miƙo na ƙarshe ya juyo zai sauko, gindin tsani ya zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya faɗo da ƙugu kan dutsen da rumbu ke zaune a kai.

Bai yi ihu ba. Da muka rufu a kansa, cewa ya yi, "Me kuke kallo? Ƙasa tana bushewa. Ku je ku shuka."

Barau da Zailani suka ɗauke shi zuwa asibiti. Sauran muka raba iri, Kirista da Musulmi, har da Fulanin bayan rafi, muka shiga gona.

Fada, kai ne ka ciyar da mu bana. Kai ne ka hango fitinar da ni ban hango ba, ka tare ta da jikinka. Tuzuru mai rumbu, uban gari guda. Addininmu ba ɗaya ba, kuma ka san ba na lanƙwasa magana, amma tuwon da 'ya'yana ke ci daga hannunka ya fito. Mun gode. Allah ya ba ka sauƙi. Masu rawani da masu farar riga da ke zaune a inuwa suna aika yara, ku dubi wannan tsoho ku ji kunya, ku yi koyi.

Bayan girbi na kai masa zangarniya a Kano, gidan da ake ajiye limamansu da suka tsufa. Na same shi a keken guragu, a tsakar gida mai tayil. Ya murza zangarniyar a tafinsa, ya shinshina.

"Ta yi ƙwaya. Kun ware iri?"

Na ce mun ware, Barau ne ma ya zuba a rumbu.

Ya yi murmushi, ya tambayi Inna, ya tambayi wa ke buga ƙarfe da safe. Bai tambayi yaushe zai dawo ba, don likitoci sun riga sun gaya masa. Mutumin da ya tsaya a gaban bagadin coci tun yana saurayi, yanzu a zaune yake addu'a, kuma ba zai sake tsayawa ba.