Furena da ruwan alwalar Kaka

Jama'a, furena ya buɗe! Yau da safe na same shi ja mai duhu kamar zoɓo, yana ƙamshin cakulan. Har tsalle na yi a tsakar gida.

Da Turanci cakulet kosmos ake ce masa. Gwaggona ta Tudun Jukun ce ta ba ni saiwarsa, kamar ƙaramin dankali. Ta ce yana son rana sosai, amma in ruwa ya yi yawa ruɓewa zai yi. Na dasa shi a tsohon bokitin fenti, na huda gindin.

Ashe Kaka a kansa take alwala, sau biyar kullum. Ganyen ya fara yin rawaya, ni kuma kunya ta hana ni magana. Kwana uku ina shirya abin da zan ce.

"Kaka, ruwan ya yi masa yawa," na faɗa, kaina a ƙasa.

"Ke 'yar nan, ruwan alwala ne fa! Albarka nake zuba masa."

"Albarkar ce ke ruɓar da shi, Kaka."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Iye! Ashe ƙawar tawa tana da baki?" Daga ranar ta mayar da butarta gindin zogale.

Da na ci gaba da shiru, da yanzu bokitin laka kawai gare ni. Ku kuma, wace magana ce kunya ta kusa hana ku faɗa wa manya?