Jinyar Inna, Ni Ɗan Farinta

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko tsohon nan ya ƙaura ne, ina nan da raina. Ƙafa ce ta kwantar da ni tun ƙarshen damina, yanzu alhamdu lillahi ina dogara sanda har masallaci.

Da nake kwance 'ya'yana suna juya ni kamar buhun masara, wata jinya ce ta yi ta dawo mini, wadda ban taɓa ba kowa labarinta ba. Jinyar mahaifiyata.

Ana gab da ba mu mulkin kai ne. Ina saurayi, na baro makarantar Midil ban gama ba, babu wanda ya tsaya mini. Na kama awon gyaɗa a Ƙafin Maiyaki, har na sayi keke da gumina. Duk ƙauyenmu ni kaɗai ke da shi.

Ni ne ɗan farin Inna. Yaran yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Danginta Fulani ne na wajen Dangora, kunyarsu ta fi ta kowa. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata. In na durƙusa gaishe ta, sai ta ci gaba da tankaɗenta. In ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "mai keken nan".

Ciwon ya fara da ƙin abinci. Sai rama. Sai cikinta ya kumbura, idanunta suka yi ɗorawa. An sha sassaƙe, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Malamin disfensare ya ba da ruwan magani a kwalba, ya ce a kai ta Kano.

Na sayar da keken. Muka ɗora ta a bayan motar gyaɗa, ni da yayarta Goggo Asabe.

A asibiti aka ɗibi jini, aka ɗibi fitsari, aka sa allura aka zuƙe ruwan cikin. Bai daɗe ba ya sake taruwa. Likitan Bature ne. Ta bakin tafinta ya gaya mini hanta ce, kuma hantar ta riga ta lalace. Ya ce mu kai ta gida, mu riƙa juya ta safe da rana da yamma, in ba haka ba bayanta zai ɓare ya zama gyambo, azabarsa ta fi ta ciwon.

Na fito na zauna gindin wata bishiya. Mutuwar ban ji tsoronta ba kamar juyin nan. Babanmu ya rasu tuni. Ƙanwata tana aure a Doguwa da tsohon ciki. Goggo kuwa ko tulu ba ta iya ɗagawa. Saura ni.

Ranar da na fara miƙa hannu, Inna ta ja mayafi ta rufe kanta, ta ƙanƙame ƙafar gado. Ta gaya wa Goggo gara ta ruɓe a haka da ɗan fari ya taɓa ta.

Haka muka zauna har bayanta ya fara ja, ya fara ɗayewa. Ina jin nishinta daga zaure, ga ƙarfi a jikina, ba damar amfani da shi.

Goggo ce ta gaji. Ina ji ta ce, "Ke Hajara, kunyar taki za ta hana ƙuda sauka a bayanki?"

Ita ta samo dabara. Inna za ta fuskanci bango. Ni in yi gyaran murya a ƙofa, in shigo ta bayanta, in sa hannu ta kan zane in ɗaga ta, Goggo ta wanke ta shafa man shanu, in kwantar da ita ta ɗaya gefen idona a ƙasa. Ba magana tsakaninmu. Abin da za ta ce, Goggo take gaya wa, alhali kunnena yana dab da bakinta.

A ce wa mai keke hannunsa da sanyi. A ce wa mai keke ita ba dami ba ce, ya yi a hankali. Goggo ta ce ai keken an sayar, a kanki ma. Inna ta ce to a bar masa sunan.

Gyambon bai ci gaba ba. Ya bushe. A duk abin da na tara a duniya, da motoci da rumbuna, babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan.

Wata hantsi Goggo ta shiga maƙwabta neman garwashi, lokacin juyi ya yi, na shiga ni kaɗai. Na ɗaga ta, ba ta fi nauyin yaro ba. Ta san babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Tana kallon bango ta ce, "Yaya Asabe, ki ce masa na gode. Ki ce Allah ya yi masa albarka."

Na ce, "Goggo, ki ce mata amin."

Ta rasu kashegari bayan la'asar, kalmar shahada a bakinta, fatarta lafiya lau.

Ina gode wa Allah, ina gode wa 'ya'yana da duk wanda ya yi mini addu'a a kwanciyar nan. Allah ya jiƙan Inna da Goggo.

Mai majinyaci a gida, ga tawa. In likita ya ce babu magani, aiki bai ƙare ba. Ku juya su a kan lokaci, ku bushe musu shimfiɗa, ku jiƙa musu leɓe, ku nemi maganin rage zafi. Kada ku aika kuɗi ku ce kun yi jinya. Kuma in tsohonku yana jin nauyinku, kada ku yi masa gardama, kada kuma ku janye. Ku nemo hanyar da za ku taɓa shi mutuncinsa yana nan.