Mai Bincike da Ɗan Rakiyarsa

Ina raɓe a wata rumfa a kasuwar shanun Maigatari, ina kallon wani mutum mai farar shadda yana ɗaga ƙafa kamar kashin shanu zai cije shi. Katin jami'a na lilo a wuyansa. Bincike yake yi kan yadda talakawa ke kallon zanga-zanga da 'yan sanda. Da gani a takarda ya san talaka, domin tsoron kasuwa ya sa ya taho da kurtun ɗan sanda mai bindiga, yana riƙe masa laima.

Ga shi gaban wani dattijo mai sayar da bijimi.

"Baba, faɗi gaskiya, ba mai ji. Ka amince da 'yan sanda?"

Dattijon ya saci kallon bindigar.

"Ranka ya daɗe, ko ɗan cikina ban amince masa kamarsu ba. Ba dai sunana za ka rubuta ba?"

Mai binciken ya juya wajen kurtun yana murmushi. "Ka ji ko? Mutum na arba'in ke nan da ya faɗi haka. Mutanen nan suna ƙaunarku!"

Kafin ya juyo, dattijon ya ja bijiminsa ya bar kasuwar, bai sayar ba.